Kuɗin albasa ne, a bar saya mana tambarin i7

Asabar ɗin da ta wuce kwamitin iyayen yara na makarantarmu ya zauna kan maganar kwamfuta. Kuɗin da ake magana a kai karo-karo ne na iyaye, mafi yawansu manoman albasa daga Galmi da ƙauyukan Dogarawa, waɗanda suka cire jika-jika daga cinikin bana don ofishin darakta ya huta da kai takardun jarrabawa Konni a buga. Sai wani matashi ɗan garinmu da ke zaune a birni ya miƙo jerin kayan da za a saya a haɗa. A saman jerin an rubuta Core i7 da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa katin hoto irin na masu wasan bidiyo, sai akwati mai gilashi da fitilu masu canja launi. Dattawa suka gyaɗa kai. Wani Alhaji ya dube ni ya ce, "To mushe, ai bakwai ta fi uku." Na roƙi a bar ni in kwana da takardar. Abin da na gani a cikinta ne zan faɗa a nan, don na san ba makarantarmu kaɗai ake miƙa wa irinta ba.

A harkar nan bakwai ba kullum take fin uku ba. Wannan i3, i5, i7 da ake rubutawa sunan dangi ne kawai. Shekarun ƙwaƙwalwar kwamfutar suna cikin lambar da ke biye. Wadda ke cikin jerinmu i7-2600 ce, ƙarni na biyu, wadda kamfanin Intel ya fitar a 2011. Yaron da aka haifa a shekarar ya kai shiga lise ko ya kusa. I3-12100 kuwa ta ƙarni na goma sha biyu ce, ta fito a farkon 2022, ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba, kuma ta fi ta tattalin wuta: wat 60 a inda tsohuwar ke neman 95. Karanta ƙarnin a kwamfutar tebur ba wuya. In lambobi huɗu ne bayan ɗan layin, na farko shi ne ƙarnin; in biyar ne, biyun farko. Akwai kuma abin da mai shago ba zai faɗa muku ba: Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma bisa ƙa'ida ba ta karɓar Intel da bai kai ƙarni na takwas ba. Wato marainiya za a sayar mana da kuɗin amarya.

Katin hoton kuma na mene ne? Aikin da za a yi da na'urar nan buga jarrabawa ne, lissafin makin yara, wasiƙun ofis, da nuna bidiyon darasi jefi-jefi. Ƙwaƙwalwa irin i3-12100 ko Ryzen 5 5600G ta zo da sashen hoto a cikinta, ya ishi wannan aiki har da ragowa. A dai kula, Intel da ke da harafin F a ƙarshen lambarta ba ta da shi. Matsakaicin katin wasa kamar RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170 in ya kama aiki, alhali kwamfutar ofis gaba ɗaya, har da allonta, ba ta kai wat 100 a lokacin rubutu.

A nan ne raina ya fi ɓaci, domin wanda ya rubuta jerin ya san garin nan. Ya san yadda kuran ke zuwa, ya san yadda yake tafiya ba sallama. Ba mu manta Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tana nan tun 2018, amma makarantu da yawa a karkararmu faranti biyu da batir ne dukkan wutarsu. Duk wat ɗin da katin wasa ya sha, daga batirin nan ya fito, wanda shi ne zai kunna fitilar karatun dare ta masu shirin BEPC. A cikin jerin kaf ba a saka onduleur ba, wato na'urar da ke riƙe wuta ta ƴan mintuna in an ɗauke, wadda a Illela da Sakkwato ake kira UPS. Akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar kuma an rubuta "kyauta tare da akwati". Ni na san ɗacin wannan kyautar. Shekaru uku da suka wuce, cikin bazara, aka dawo da wuta da ƙarfi, irin wannan akwati marar suna ya yi ƙara ɗaya, ya tafi da babban allon kwamfutata da faifan da ke ɗauke da makin aji biyu. Kwana tara ina sake tattara su daga littattafan yara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A sayi akwatin wuta na kamfani sananne mai hatimin 80 Plus Bronze. Wat 450 ya wadatar in ba katin wasa.

Sauran kayan ba su da doguwar magana. RAM giga 16, a saye ta sanda biyu masu takwas-takwas. A maimakon tsohon faifai mai juyawa a sa SSD mai giga 500, da wani faifai na waje da za a riƙa kwafe maki a kai kowace Juma'a a ajiye a gidan darakta. Akwati mai gilashi a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tanda ce. Mai raga da matatar ƙura muke so, a ɗora shi kan tebur, a buɗe a hure shi bayan hunturu, ballantana mu da ke bakin babbar hanya inda tirelolin siminti da na albasa ke tayar da ƙura dare da rana. Kayan da aka sayo ta Najeriya kuma a duba madannan: nasu QWERTY ne, babu é, babu ç, yaranmu kuwa kan AZERTY za su yi aiki. Filoginsu ma mai ƙafa uku ne, bai shiga soket ɗinmu sai da mahaɗi. Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, sai a roƙi mai haɗawa ya sa mana tsarin da zai fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun ranar farko.

Abokan aikina sun ce duk wannan wahala ta me, a sayi ta hannu mana, ga batir a jikinta, ga ƙarancin cin wuta. Gaskiyarsu ce a kan wuta, kuma malamin da zai saya wa kansa ba zan hana shi ba. Amma ta makaranta? Ku yi mini afuwa, ƴan'uwa, kun san kwamfutar hannu ƙafa gare ta. Yau tana gidan darakta, gobe ɗansa na kallon ƙwallo, jibi an zuba mata shayi. Batirinta kan kumbura a zafinmu, allonta in ya fashe sai an aika neman irinsa takamaimai. Ta tebur kuwa, abin da ya lalace shi kaɗai ake cirewa a sa wani, kuma ba ta shiga jaka.

Na kira matashin daren Lahadi, tsohon ɗalibina ne. Ban zarge shi da cuta ba, kuma ban yi imanin ya yi niyyarta ba. Ya ce, "Wallahi mushe, a bidiyo na ga jerin, mai shago kuma ya ce ƙwaƙwalwar ce kawai ba shi da irinta, ya sa mini i7 a madadi." Na ce ya koma wurin mai shagon ya sa shi rubuta cikakkiyar lambar kowane abu, ya zo da kayan nan ofis a haɗa su gaban kwamiti, a kunna mu ga lambobin a allo kafin ma'aji ya buɗe jaka, don ba a cinikin biri a sama. Kuɗin katin hoto da na akwatin gilashi, in an cire su, za su sayi onduleur, ragowar kuma a zuba a tawadar injin bugawa. Asabar mai zuwa zan kai wa Alhaji takardun biyu, in karanta masa lambobin da ke bayan bakwai ɗin.