Hadari daga gabas yake tasowa, gargaɗi kuwa a Yamai yake kwana

Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta na 2024, ruwan sama da ya kai milimita 150 ya zuba a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasa rayukansu. Kwana huɗu bayan haka, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Da aka rufe lissafin wannan damina, mahukunta sun ƙirga mamata kusan 400 a faɗin Nijar, jahar Maraɗi na kan gaba, waɗanda bala'in ya shafa kuma sun zarce miliyan ɗaya da rabi. Har komawar yara makaranta sai da aka ɗage daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwan da ba su rushe ba sun cika da iyalan da suka rasa matsuguni.

Abin da ya biyo baya sananne ne: tawagar magabata, jawabin jaje, buhunan shinkafa da tabarmi da gidan sauro. An gode. Amma wannan shi ne ihu bayan hari, kuma an sha yin sa: a Agadas cikin Satumbar 2009 lokacin da ruwan Telwa ya afka ma gari, a Yamai cikin Satumbar 2020 lokacin da kogi ya ɓalle madatsa ya shafe Lamorde. Kowane karo akan ce ikon Allah ne. Babu mai musun ikon Allah. Sai dai ba Allah ne ya sa hannu kan takardar filin da aka yanka cikin hanyar ruwa ba.

Hadarin ƙasar nan ba ɓarawo ba ne da zai shigo babu sallama. Mafi yawan ruwan damina a Sahel daga manyan hadura yake zuwa, masu haɗuwa da la'asar a gabas, su jera sahu, su nufo yamma da gudun da ya kai kimanin kilomita 50 a awa. Ƙura da iska mai ƙarfi ke gaba, ruwa na biye. Shi ya sa gari kan yi ja kafin ɗigon farko ya faɗo. Hadarin da aka gani bisa Damagaram, in bai watse a hanya ba, yana bukatar wajen awa huɗu kafin ya kai Maraɗi, sau da yawa kuma sai cikin dare ko da asuba yake isa Yamai. Tauraron ɗan'adam na ɗaukar hotonsa duk bayan ƴan mintoci. A Amurka, inda ake samun guguwa mai murɗawa fiye da 1,000 a shekara, gargaɗin da mutane ke samu bai cika wuce minti 15 ba, amma jiniya na kaɗawa, wayar kowa na ƙara, kowa kuma ya san inda zai fake. Nijar na da awoyi a hannu. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, da cibiyar ACMAD mai nazarin yanayin Afirka baki ɗaya, duka biyun a Yamai suke zaune, ga kuma ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa. Ilimin yana nan. Abin da ya rage shi ne ya fita daga ofis ya isa kunnen matar da ke kwance da ƴaƴanta cikin ɗakin da bangonsa ya sha ruwa kwana uku a jere.

Lamarin kuwa ƙaruwa yake. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa mafiya ƙarfin haduran Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Gidajen ƙasa da kakanni suka gina daidai da ruwan zamaninsu, su ne yanzu ke karɓar ruwan wata guda cikin dare ɗaya.

Hanyoyi biyu ne ke cin mafi yawan rayuka: rushewar ɗaki da tafiya cikin ruwa. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa haka kawai. Gindin bango kan jiƙe ya zaizaye, tsaga ta bayyana, rufi ya yi nauyi, azara ta fara kuka, ƙasa ta riƙa zubowa. Iyalin da suka ga waɗannan alamu ba su da dalilin kwana a ciki, ko da kayan ɗaki za su lalace. Masallacin siminti ko ajin makaranta ya fi. Yaɓe da gyaran indararo aikin rani ne, kamar yadda magina suka sani tun da. Shi kuma ruwan ƙorama mai gudu, in ya kai gwiwa yana iya ɗauke mota, wanda bai kai haka ba ma yana kayar da ƙaton namiji. Direban da ya tsaya awa biyu a bakin ƙorama bai yi asarar komai ba, fasinjan da ke zuga shi da cewa kasuwa za ta watse kuwa ba shi zai biya diyya ba. Lokacin da iska ta taso, gindin gawo ko dogon yaro ba mafaka ba ne, saboda tsawa da karyewar reshe. Rumfar kasuwa ma haka: kwanon da iska ta fizge yana yanka kamar wuƙa. Wayar lantarki da ta faɗi cikin ruwa, a nisance ta, a hana yara zuwa kusa.

Wannan rabon talaka ke nan, kuma yana iya ɗauka. Amma gaya ma mutum ya fita daga ɗaki cikin dare ba tare da an nuna masa inda zai nufa ba, wasa da hankali ne. Kowace unguwa na bukatar sanannen wuri mai ƙarfi da aka keɓe tun kafin ruwan farko, mabuɗinsa a hannun mai unguwa, ba a aljihun wani darakta da ya tafi hutu ba. Sanarwar hadari kuma ba ta da amfani in cikin harshen Faransanci kawai aka karanta ta a labarun dare na talabijin. Ga rediyoyin karkara, ga wayar hannu da ta shiga kowace tasha da kowace kasuwa, ga lasifikar masallaci, ga sanƙiran sarki. Jimla biyu cikin Hausa ko Zabarmanci ko Fillanci, mai faɗin gari da lokaci, sun wadatar.

Akwai kuma laifin da ke wuyan masu karanta jarida su kansu. Ma'aikacin da ya yanka filaye cikin fadama ya sayar, ya san abin da ya sayar. Attajirin da ya gina shago bisa magudanar ruwa ya tura ruwan cikin gidan maƙwabcinsa mai ginin ƙasa. Dokar hana leda tana rubuce tun 2014, magudanan Maraɗi da Tawa da Yamai kuwa sun shaida yadda aka yi aiki da ita. Yashe su ba ya bukatar taimakon wata ƙasar waje: shebur ne da amalanke da kuɗin leburori, daga harajin da ƴan kasuwa ke biya kowace ranar kasuwa. Hukumomin birane su fito da lissafin abin da suka ware ma wannan aiki, su liƙa shi a ƙofar ofis cikin watan Afrilu, tare da sunayen unguwannin da za a fara da su da ranar da za a gama.