Shingen Kilobayit 50: Wa Ya Kamata Ya Ɗauki Nauyinsa?

A watan jiya na leƙa Kongolam, garin kan iyaka a Ƙaramar Hukumar Mai'adua, inda hanyar Daura ke miƙewa zuwa Matamaye da Damagaram. Na tarar ƙanwata ta kwana biyu tana fama da shafin neman aiki na wata hukuma. Duk sanda ta ɗora hotonta, sai jan rubutu ya fito da Turanci cewa ba a yi nasara ba, babu ƙarin bayani. "Yaya, ko dai gurbin na 'ya'yan manya ne?" in ji ta. Sai a rana ta uku wani mai shagon kwamfuta a Daura ya gano matsalar: shafin ba ya karɓar hoton da ya wuce kilobayit 50, nata kuwa ya haura megabayit 3. Ta biya kuɗin mota, ta biya kuɗin aiki, ta kuma baro kwafin takardar haihuwarta da lambarta ta NIN a kwamfutar da kowa ke taɓawa.

Ba na cikin masu cewa a cire shingen. Mutumin Kongolam ya san dalilin da ya sa jami'in kwastam ke duba nauyin kaya, ya kuma kwance bakin buhu. Shafin da ke karɓar fayil daga kowa ƙofa ce a buɗe, kuma ba duk mai sallama ne baƙon kirki ba.

Ta fuskar girma, fayil ɗaya na iya durƙusar da kwamfutar da ke riƙe da shafin. Akwai wani sanannen fayil mai suna 42.zip, nauyinsa kilobayit 42 kacal, amma idan aka warware shi gaba ɗaya yana kumbura zuwa kimanin fetabayit 4.5, wato gigabayit miliyan huɗu da rabi. Ko Gmail, duk arzikin Google, ya tsayar da abin da ake liƙa wa wasiƙa a megabayit 25.

Ta fuskar nau'i, haɗarin ya fi haka. Ɓarawo na iya rubuta umarnin kwamfuta, ya raɗa masa sunan hoto, ya tura. Idan shafin ya yarda da sunan bai duba cikin ba, ɓarawon ya samu mabuɗin rumbun da ke ɗauke da takardun dubban mutane. A 2016 an gano wata kafa a manhajar sarrafa hotuna ta ImageMagick, wadda ta ba masu kutse damar ba kwamfuta umarni ta hanyar hoto na bogi. Shi ya sa ƙwararru ke cewa a duba cikin buhu, kada a tsaya ga rubutun da ke jikinsa: fayil ɗin PDF na gaske da alamar %PDF yake farawa, haka JPEG yana da tasa alamar.

To, ina laifin yake? Laifin shi ne an ɗora wa mai nema aikin da ya kamata mai ginin shafi ya yi. Rage girman hoto abu ne da manhaja ke yi cikin ƙiftawar ido, har ma a kan wayar mai nema kafin hoton ya tashi, abin da zai rage masa kuɗin data a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Wanda ya tsayar da iyaka a kilobayit 50 a zamanin da wayar talaka ke ɗaukar hoto mai megabayit 3, ya sauƙaƙa wa kansa ne kawai. Wannan sakacin ba a Najeriya kaɗai yake ba. A watan Mayun 2020, ɗalibai a Amurka sun kasa miƙa amsoshin jarrabawar AP saboda shafin bai karɓi tsarin HEIC ba, wanda wayoyin iPhone ke ɗaukar hoto da shi tun 2017.

Abin takaici, shingen da aka kafa don tsaro shi ne ke tura mutane su miƙa sirrinsu ga shaguna da shafukan rage hoto da ba a san masu su ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan jama'a alhakin kiyaye su, kuma a ganina hukumar da tsarinta ke tilasta wa mutum ya watsar da takardunsa a hanya ba ta sauke wannan alhakin ba.

Saboda haka, idan kai ne ke sa hannu a kwangilar gina shafi a ma'aikatarku, ka nemi abu uku. A rubuta iyakar girma da nau'in fayil tun kafin mutum ya danna, da Hausa da Turanci. A karɓi hoton waya yadda yake, manhaja ta rage shi, ta kuma goge bayanin wurin da aka ɗauke shi. Idan an ƙi fayil, a faɗi dalili. Sannan kafin ka biya kuɗin aikin, ka ba wani ƙaramar waya, ka tura shi Kongolam ya gwada.