Haƙoran Tibiri ba goro ya ɓata su ba

Wannan maganar ta fi ƙarfin minti biyar na rediyo, shi ya sa na kawo ta nan.

Ran kasuwa na tarar da wani mai lasifika ya tara jama'a, yana goga ma wata mata wani ruwa a haƙori da auduga, wai yanzun nan za su yi fari fat. Matar sa'ata ce. Na ce, "Ƴar uwa, daga ina?" Ta ce Tibiri. Wallahi sai jikina ya yi sanyi.

Wanda bai sani ba ya sani. Daga 1985 har wajen shekarar 2000, mutanen Tibirin Gobir sun sha ruwan foraji mai sinadarin fuluwor fiye da kima. OMS ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita, nasu ya ninka haka. Yara suka tashi da haƙora ja, wasu ƙafafu a lanƙwashe. Ƙungiyar FIDH har rahoto ta fidda a 2002. Yaran nan su ne magidanta da iyayen ƴaƴa na yau, masu rufe baki da hannu in za su yi dariya.

To wannan tabon cikin ɓawon haƙori yake, ba datti ba ne. Goge shi da gawayi, da toka, da ruwan mai lasifika, ɓawon kawai kake cinyewa, kuma ba ya sake tohowa. Gobe ruwan randa ma ya gagare ka sha.

Gyara na gaskiya akwai shi. In tabon kaɗan ne, likitan haƙori na kankare sama-sama. In ya yi yawa, sai ya liƙa kwamfozit, wani farin ƙulli mai launin haƙori, ya haska mashi shuɗiyar fitila ya daskare, zama ɗaya an gama. Yana ɗaukar shekaru, amma shayi da goro na rina shi. Wanda haƙorinshi ya gurgure kuwa sai faset ko hular tangaran, can kuɗin yake.

Abin da ke ƙona mani rai, da ka tada zancen sai a ce ai kwalliya ce. Kwalliya? Alhaji ya dawo da haƙorin Makka mu ce mashi barka, amma wadda ruwan gwamnati ya ɓata ma baki ita ce mai son ado?

Mutumin Gazawa ko Agye sai ya biya mota zuwa Maradi kafin ya zauna kujerar likitan. Hukumomin jiha, ku turo likitan haƙori da kayan aikinshi asibitocin gundumomi, ko sau ɗaya ne a wata, kuma a fara da Tibiri, kyauta.