Gasar zakarun Afirka: ƙungiyar da ba ta da gari, wa zai yi mata kuka?

Kowace shekara, da damina ta fara ja da baya, labari guda ne ke dawowa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta jefa ƙuri'a, a haɗa zakaran Nijar da wata ƙungiya ta Masar, ko Maroko, ko Tunisiya. A yi wasa biyu, ɗaya gida ɗaya waje, ƴan wasa su kwaso jakunkunansu su komo Yamai. Sai magabatan ƙwallo su fito gidan rediyo da amsar da kowa ya haddace: ƙasar ƙarama ce, aljihu babu nauyi, alƙalin wasa ya yi son kai, amma an samu darasi. Darasin nan an fi shekara 25 ana ɗaukarsa, har yau ɗalibin bai ci jarrabawa ba.

Ga lissafin, don kada a ce ƙazafi ne. Tun 1997 da aka shigo da tsarin rukuni a gasar zakarun Afirka har zuwa 2024, babu ƙungiyar Nijar ko ɗaya da ta taka wannan mataki. A gasa ta biyu, kofin Confédération da aka ƙirƙiro a 2004, sau biyu kacal aka ga tutar ƙasar nan cikin rukuni a shekara 20: AS FAN ta sojoji a 2010, da USGN ta jandarma a kakar 2021-2022. Duk sauran shekarun, tun daga bakin ƙofa ake sallamar baƙo.

Talauci ba ya ɗaukar dukan laifin

Babu mai musun cewa CAF ta gina gidanta yadda manya za su ji daɗin zama. Ƙasashe 12 da suka fi maki a shekaru biyar na baya su ke da damar aika ƙungiya biyu a kowace gasa, saura kuwa ɗaya ɗaya. Makin kuma ba a samunsa sai an kai rukuni. Ke nan wanda ya riga ya hau shi ake ƙara wa tsani. Haka batun kuɗi: Al Ahly ta Masar ta karɓi dalar Amurka miliyan 4 da ta ɗauki kofi a 2023, alhali sai a kakar 2024-2025 ne CAF ta fara ba ƙungiyoyin zagayen share fage dala dubu 50, wato kusan miliyan 30 na sefa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen tikitin jirgi daga Yamai zuwa wata ƙasar Afirka ya san abin da zai rage cikin wannan kuɗi bayan an kwashi mutum 30, an biya otel, an ciyar da su.

Wannan duka gaskiya ce. Amma wannan ma'auni bai tsaya kan Nijar ita kaɗai ba. Stade Malien ta Bamako ta ɗauki kofin Confédération a 2009. AC Léopards ta garin Dolisie a Kongo ta ɗauke shi a 2012. Coton Sport ta Garwa, a arewacin Kamaru, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakaru a 2008. FC Nouadhibou ta Muritaniya, ƙasar da yawan jama'arta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Nijar ba, ta shiga rukunin gasar zakaru a kakar 2023-2024. Mutanen Maraɗi da Damagaram kuwa ba su bukatar a ba su labarin Kano Pillars, wadda ta fitar da Al Ahly a 2009 ta kai kusa da na ƙarshe. In rana guda ce ke dukan kowa, me ya sa gonar maƙwabci ke yin tsaba?

A dubi sunayen nan da kyau. Dolisie, Garwa, Nouadhibou, Kano: ko ɗaya ba babban birnin ƙasa ba ne. A ƙara da Lubumbashi ta TP Mazembe, da Aba ta Enyimba mai kofin 2003 da na 2004, da Berkane ta Maroko. Kowace cikinsu ƙungiyar gari ce. Ranar wasa kasuwa takan sani, tasha takan sani, yaro mai tallan ruwa ma ya sani. In an ci su garin ya kwana da baƙin ciki, shugabannin ƙungiya kuma su kwana da fargabar haɗuwa da jama'a da safe.

Zakarun ofis

To, a juyo gida. Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakaran Nijar a 1983, Espoir ta Damagaram ta bi sahu a 1984. Daga nan, shekara 40 cur, kofin bai sake kwana wajen Yamai ba. A cikin Yamai ɗin ma, ƙungiyoyin unguwa masu tarihi da magoya baya, irin su Sahel, Olympic da Zumunta, an ture su gefe. Olympic ta ɗauki kofi a 2012. Daga 2013 zuwa 2024 ga waɗanda suka gaje ta: AS Douanes ta duwan, AS GNN ta dakarun Garde Nationale, AS FAN, AS SONIDEP ta kamfanin man fetur, USGN, da ASN NIGELEC ta kamfanin wuta. Wanda ya karanta jerin ba tare da an faɗa masa ba, sai ya zaci sunayen mahalarta taron kasafin kuɗi ne.

Ba laifi ba ne soja ko ɗan duwan ya buga ƙwallo. Tambayar ita ce: wane ne mai ƙungiyar? Mutum yakan ce shi Bamaraɗe ne, ko Ba'adare, ko ɗan Damagaram, ya yi tinƙaho da haka. An taɓa jin wanda aka haifa ɗan SONIDEP? Wane ɗan kasuwa ne zai rufe shago da la'asar don ya je ya yi wa duwan tafi, shi da ya wuni yana ciniki da ita a bakin iyaka? Ƙungiyar ma'aikata ba ta rayuwa da kuɗin ƙofa, ba ta sayar da riga, ba ta neman ɗan kasuwa ya sa sunan hajarsa a ƙirjin ƴan wasa. Abincinta na fitowa daga kasafin ma'aikata, wato daga haraji da patanti da takardar wuta da jama'a ke biya. Talaka ne ke ciyar da doki, amma ba a tambayarsa ranar sukuwa.

Illar wannan tsari a fili take. Ƙungiyar jaha da za ta taso daga Damagaram ta yi tafiyar kusan kilomita 900 a mota, ko daga Arlit ta yi fiye da 1000, da kuɗin karo-karo na wasu ƴan kasuwa masu kishi, ba za ta iya riƙe ɗan wasanta ba ranar da ƙungiyar ofis ta nuna masa albashin wata-wata, wani lokaci har da alkawarin aiki. Yaron ya tafi, kuma babu mai ganin laifinsa. Haka ake tatse jahohi a tara madarar a Yamai, a buga gasar ƙasa gaban kujeru, a fitar da zakaran da bai taɓa jin rurin filin da ya cika ba. Ranar da ya sauka Alƙahira ko Dar es Salam, ya tarar da dubban mutane suna ihu da murya ɗaya, gwiwa ta yi sanyi tun kafin a busa usur.

Nasara biyu, da abin da suka koyar

Masu kare tsarin suna da hujja guda mai nauyi: ai sau biyun da aka kai rukuni, masu kaki ne suka kai. Haka ne, kuma ba a raina musu. A 2010 AS FAN ta fitar da Étoile du Sahel ta Tunisiya, ta fitar da Motema Pembe ta Kinshasa, ta fitar da Al Merreikh ta Sudan. A Oktoban 2021 USGN ta riƙe Al Ahly 1-1 a Yamai, kafin ta sha 6-1 a Alƙahira, ta faɗo kofin Confédération, ta shiga rukuni guda da Berkane, Simba ta Tanzaniya da ASEC ta Abijan. Waɗannan ranaku ne da ƴan ƙasa suka ɗaga kai.

Sai dai hujjar tana juyowa kan masu ita. Tsakanin nasarar farko da ta biyu shekara 11 ne. Dukansu biyu sun ƙare a ƙarshen rukuninsu, kuma ba wadda ta koma a shekarar da ta biyo. Victorien Adebayor, wanda ya ɗauki USGN a kafaɗa, Berkane ɗin da suka kara da ita ce ta ɗauke shi a 2022. Abin da aka gina kan sha'awar shugaban ma'aikata guda, da an yi masa canjin wurin aiki sai ya bi shi. Ƙungiyar gari kuwa, ko shugabanta ya mutu garin na nan. Ruwan kashe gobara daban, rijiya daban.

Kuma kada a ce babu ƴan wasa. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. A gasar CHAN, wadda ƴan wasan cikin gida kaɗai ke bugawa, ta kai kusa da na ƙarshe a Aljeriya a farkon 2023. Moussa Maazou daga AS FAN ya tafi Beljiyam a 2008, daga can ya wuce CSKA ta Mosko. Iri na da kyau, gonar ce ba a gyara ba.

Kada kuma a ce ƴan Nijar ba su son kallo. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, duk jahar da aka kai ta fili na cika ya batse, wanda bai samu shiga ba ya manne da rediyo. Dalili ɗaya ne: ɗan kokowa sunan jaharsa yake ɗauke da shi. Abin da magabatan kokowa suka gane tun shekara 50, magabatan ƙwallo har yau suna nazarinsa.

Mai gida a gidan haya

Sai batun fili, wanda ya fi kowane ban kunya. Filin Seyni Kountché da aka buɗe a 1989 shi ne ƙwaya ɗaya da ƙasa ta dogara da shi. Da ya kasa cika sharuɗɗan CAF, Mena ta karɓi baƙuncin Tanzaniya da Zambiya a Marakesh a Nuwamban 2023, ta karɓi Gana a Berkane a Satumban 2024, ta karɓi Sudan a Lome a Nuwamban 2024. Alhali an yi bukukuwan 18 ga Disamba da sunan gyaran birane: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Filin Maraɗi har ya karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Ina aka kwana da kula da shi? Gini ba ya wuyar buɗewa da kiɗa da jawabi. Wuyar ita ce ciyawa, da fitila, da ruwa, shekara bayan shekara. Ƙaramar ƙungiya ba ta da makamin da ya wuce gidanta: zafin rana, da jama'arta. Ƙasar da ta bar filinta ya lalace ta karɓe wa ƙungiyoyinta wannan makami da hannunta.

Abin da ya rage a yi

Shugaban hukumar FENIFOOT, Kanar Djibrilla Hima Hamidou, ya hau kujerar a 2009, kuma a Maris 2025 aka zaɓe shi cikin majalisar FIFA. Girma ne ga ƙasa. Amma a rana guda aka zaɓi Ahmed Yahya na Muritaniya, wanda ƙungiyar garinsa ta riga ta shiga rukunin zakaru. Kujera a Zurich ba ta cin ƙwallo a Yamai. Ga abin da jama'a ke da haƙƙin nema.

Na farko, duk ƙungiyar da ke cin kuɗin ƙasa ta buga lissafinta a fili kowace shekara: nawa ta karɓa, nawa ta kashe, nawa tafiyar Afirka ta ci. Na biyu, kamfanonin ƙasa su daina takara da jahohi, su koma masu ɗaukar nauyinsu, kamar yadda kamfanin auduga ya tsaya wa Coton Sport amma ƙungiyar ta zama ta mutanen Garwa. Sunan NIGELEC a ƙirjin Jangorzo ko Espoir zai fi yi wa kamfanin amfani bisa kofin da aka ɗauka gaban kujeru. Na uku, a tsayar da kalandar gasar ƙasa yadda zakara ba zai shiga wasan Afirka a Agusta ko Satumba da ƙafafun da suka yi watanni suna hutu ba. Na huɗu, kowane yaro a yi masa rajista da kwantaragi a rubuce, domin dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wanda ba shi da takarda ba shi da rabo.

Na ƙarshe ya shafi alhazan Maraɗi, da na Tawa, da na Damagaram. Kyautar da ake miƙa wa ƙungiya ranar wasa, a yi kirari a watse, sadaka ce. Abin da ake bukata jari ne: hannun jari, kwamiti, littafin kuɗi, da ikon korar wanda ya ci amana. Mutanen da suka iya kai albasa Abijan, suka iya shigo da kaya daga Kwatano da Dubai, ba za su kasa riƙe ƙungiyar mutum 25 ba.

Ba a ce gobe za a ɗauko kofi daga hannun Al Ahly ba. Abin da ake nema ya fi haka sauƙi: ranar da aka fitar da zakaran Nijar, a samu gari guda da zai ji zafi har ya tambayi dalili. Muddin babu mai tambaya, amsar bara ita za a sake karantawa baɗi.