Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Faustin-Archange Touadéra

Mai girma Shugaban Ƙasa, ranka ya daɗe.

Daga Miskine nake rubuto maka, unguwar da ke jingine da Kilomita Biyar a Bangui. Magana ɗaya ce ta kawo ni: haya, da kuɗin ruwa da na wuta, waɗanda suke cinye talakan wannan yanki tun kafin wata ya raba tsakiya.

Ka san rikicin da ya ɓarke tun daga ranar 5 ga Disamba 2013. Miskine na cikin unguwannin da suka fi jin jiki. An kwashe kwanon rufi, an ɓalle ƙofofi da tagogi, wasu gidajen har bulo aka ɗebe. Musulmi suka tsere Chadi da Kamaru ko suka cunkushe a Kilomita Biyar, maƙwabtansu Kirista da yawa suka kwana a filin jirgin M'Poko shekara da shekaru. Kowa ya ɗanɗana. Da ƙura ta lafa mutane sun dawo, amma wani ya tarar da kango, wani ya tarar da baƙo a ɗakinsa.

Akwai wata dattijuwa kusa da mu, mijinta ya rasu a gudun hijira. Ɗaki ɗaya take haya ita da jikoki huɗu, kuma daga bakin ƙofarta tana hango mangwaron da ta dasa da hannunta a tsakar gidanta na da, wanda yanzu ciyawa ta rufe. Takardar filin na nan cikin leda a ƙasan akwatinta. Ta nuna mini, gefenta duk ya cinye. Ɗinki take yi da keken ƙafa. Idan wata ya kusa ƙarewa sai ta rage awon garin rogo don ta haɗa kuɗin mai gida, shi ma ba mugu ba ne, da hayar yake ciyar da nasa iyalin. Ranka ya daɗe, mai gida ce ta koma 'yar haya a unguwarsu, ba don ta sayar da gidan ko ta yi caca da shi ba.

Ruwa kuma, wanda ya fi kowa talauci shi ya fi kowa biya. Mai famfo a gida yana biya bisa mita, marar famfo yana saye jarka-jarka, kuma sai 'yarsa ta tashi tun kafin kiran assalatu ta jera jarkoki a layi. A rani layin yakan kai hantsi, makaranta ta wuce ta.

Ban manta da abin da aka yi ba. Na san an ƙara tashar hasken rana ta Sakaï da ta Danzi a 2023 don su taimaka wa madatsar Boali, kuma Danzi kaɗai megawat 25 ce. Amma wutar da ke wucewa ta saman ɗakin da ba a ja masa waya ba, me ta amfana masa? Kuɗin jawo ta da na mita shi ne katangar.

Abin da muke roƙo ba ya wuce ƙarfin hukuma. A ware tallafin haya na wa'adi ga iyalan da aka tabbatar an rushe ko an mamaye gidajensu, a riƙa tura shi ta waya kai tsaye, tare da kwano da siminti domin su fita daga hayar gaba ɗaya. Masu unguwanni da limamai da fastoci sun san gidan kowa, su za su tantance, a kuma liƙa sunayen a fili don kada a cusa 'yan uwa da abokai. A umurci kamfanin wuta ENERCA da na ruwa SODECA su yanke farashi mai sauƙi ga ƙaramin amfani na farko a kowane wata, a bar talaka ya biya kuɗin mita kaɗan-kaɗan, a ƙara famfunan unguwa da farashin jarka rubuce a jikinsu. Gidajen da aka mamaye kuwa, kotu ta hanzarta, amma a samar wa wanda ke ciki wurin komawa, domin sau da yawa shi ma nasa aka ƙone.

Fafaroma Francis ya shigo babban masallacin Kilomita Biyar ranar 30 ga Nuwamba 2015, lokacin da shiga unguwar ke da haɗari. Daga fadarka zuwa nan tafiyar mintuna ce. Ka zo Miskine a ƙarshen wata, ranar da masu gida ke zagaye, dattijuwar nan za ta fito maka da ledarta.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Miskine, Bangui