Ra'ayinmu: Gahawar Mambila da Filato na neman kasuwa, matasan Tirkaniya na neman aiki

Duk wanda ya bi titin Nnamdi Azikiwe da sassafe, ya ratsa Tirkaniya da Nasarawa a kudancin Kogin Kaduna, zai tarar masu shayi sun riga kowa buɗewa. Direbobin manyan motoci da 'yan Keke Napep da masu gadin da suka kwana a bakin aiki da leburorin masana'antun Kudenda da Kakuri, da yawansu a nan suke karyawa. Wanda barci ke damunsa yakan ce a sa masa Nescafé, sai mai shayi ya yaga 'yar leda ya zazzage garin a kofi.

Kusan duk gahawar da ke cikin waɗannan ledoji da gwangwanaye daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Alhali kuwa bishiyarta na tsiro a Tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba da kuma tuddan Jihar Filato, inda manoma suka daɗe suna kukan rashin mai saye da daraja. Jaridar nan na ganin akwai aikin yi mai yawa tsakanin manomin da ke kan dutse da mai shayin da ke bakin titi, kuma unguwanni irin Tirkaniya na da abin da ake buƙata don kama wani ɓangare nasa.

Wace ce gahawa ta musamman?

Daga Larabci muka aro kalmar gahawa, kuma a bakin mutane da dama yau ta zama sunan kowane shayi mai citta da kanumfari. Wadda muke magana a kanta ita ce ta asali, wato ƙwayar 'ya'yan wata bishiya da ake soyawa a niƙa, wadda asalinta ƙasar Habasha ce.

A kasuwar duniya gahawa iri biyu ce. Akwai ta gama-gari, wadda ake haɗa mai kyau da maras kyau a buhu guda, farashinta kuma a kasuwannin New York da Landan ake yanke shi. Akwai kuma ta musamman, sunan da wata 'yar kasuwa a Amurka, Erna Knutsen, ta fito da shi a 1974. A ma'aunin da ƙungiyar masu wannan harka ta duniya, SCA, ta yaɗa, sai ƙwararrun masu ɗanɗano sun ba gahawa maki 80 ko fiye cikin 100 kafin ta ci wannan suna. Ana kuma ɗibar giram 350 na ɗanyar ƙwaya a baje a duba: kada a samu babban aibi ko ɗaya, ƙananan aibobi kuma kada su wuce biyar.

Mai sayen irin wannan gahawa yana son sanin gonar da ta fito da yadda aka busar da ita, kuma yana biyan kuɗi sama da na gama-gari. Abin da ke jawo ƙarin kuɗin shi ne aikin hannu, tun daga gona har zuwa kofi.

Aikin da ke cikin kofi guda

Bishiyar gahawa na ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara ba da 'ya'ya. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci ɗaya, don haka mai tsinka yakan koma wa bishiya ɗaya sau da yawa a kaka guda, yana ɗaukar jajayen yana barin ɗanyun. A ranar da aka tsinka ake zuba su a ruwa, waɗanda suka taso sama a kwashe su domin holoƙo ne. Daga nan ko dai a ɓare a jiƙa a wanke, ko a shanya su da ɓawonsu.

Shanyar kanta aiki ce ta mako ɗaya zuwa uku a kan gadaje masu raga da aka ɗaga daga ƙasa, ana juyawa da rana ana rufewa da dare, har damshin ƙwayar ya sauka zuwa kashi 10 ko 12 cikin ɗari. In aka shanya a kan kwalta ko dandariyar ƙasa, ƙwayar ta sha ƙura da warin hayaƙin mota, maki ya zube.

Bayan an sussuka sai tsinta. Ana zama a ware baƙar ƙwaya da wadda ƙwaro ya huda da tsakuwa, ɗaya bayan ɗaya. A Habasha da Ruwanda mata ne suka fi yin wannan aiki. Sai mai suya ya karɓa. Cikin minti 10 zuwa 15, a zafin da ya kai ma'auni 200 ko ya ɗan haura, ƙwayar ke sauya launi, kuma sakacin minti ɗaya na iya ƙona wahalar shekara guda. A ƙarshe mai haɗawa a shago ya niƙa daidai wadda za a sha, ya auna gari a sikeli, ya zuba ruwan da ya ɗan huce daga tafasa.

Ga lissafin a taƙaice: sai an tsinko kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya kafin a samu kilo ɗaya na ɗanyar ƙwaya, suya kuma ta cinye kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyinta. Kilo ɗaya na soyayyiya, in ana sa giram 15 a kowane kofi, zai ba da kofi sama da 60. Duk wanda ya kwatanta kuɗin kofi 60 a shagunan Abuja da abin da manomi ke karɓa a kan buhunsa zai gane inda ribar take kwana.

Yadda muka saki

Najeriya ba baƙuwar gahawa ba ce. Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya, CRIN, da aka kafa a Ibadan a 1964, an ɗora mata binciken gahawa tare da koko da goro da kashu da ganyen shayi, kuma tana da reshe a Kusuku da ke Mambila. Tsaunin Mambila ya haura mita 1,500 daga teku, irin tudun da nau'in Arabika mai tsada ke so. Nau'in Robusta kuma ana noma shi a jihohi irin su Kogi da Ekiti da Kuros Riba.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a ƙarƙashin shirin SAP, manomi ya rasa tabbataccen mai saye da mai duba inganci. A 1989 yarjejeniyar ƙayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ta wargaje, farashi ya faɗi a duniya. Manoma da dama suka yi watsi da gonakinsu ko suka koma wani noman, bishiyoyin da suka rage kuma suka tsufa ba a sake dasa wasu ba.

Wasu ƙasashen sun farfaɗo daga wannan faɗuwa. Ruwanda, bayan kisan ƙare-dangi na 1994, ta gina wuraren wanke gahawa a ƙauyuka, ta koya wa manoma tsinka da shanya, har a 2008 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta karɓi gasar inganci ta Cup of Excellence. A watan Fabrairun 2025 farashin Arabika a New York ya haura dala huɗu a kan laba ɗaya a karon farko, bayan fari ya taɓa gonakin Brazil da Vietnam. Habasha da Uganda sun kwashi rabonsu. Mu kuwa tsadar kawai muka ji, a farashin gwangwani.

Darasin Kakuri da Kachia

Mutanen kudancin Kaduna ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke faruwa idan sarrafa kaya ya bar gari. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, tsofaffin ma'aikata suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu. Masu gidajen haya da masu abinci da teloli duk sun ji a jikinsu.

Citta ma haka. Kachia da Jaba da Kagarko sun yi suna a duniya wajen citta mai ƙarfi, amma akasarinta tsagawa ake yi a busar a loda wa mota, wasu can su tatsi mai su niƙa gari su sa tambarinsu. Da cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023 ta zo, manomi da ɗan dako da dillali duk tare suka durƙushe, domin babu wata sana'a a tsakani da za ta riƙe su.

Gahawa ba za ta maye gurbin masaƙun Kakuri ba, kuma duk wanda ya yi wa matasa wannan alƙawari yaudararsu yake yi. Amma tana da wata fa'ida da masaƙa ba ta da ita: ana iya fara sarrafa ta a ɗaki ɗaya, da jari kaɗan da mutum biyar.

Me ya sa Tirkaniya?

Bishiyar Arabika ba za ta ji daɗin zafin garin Kaduna ba. Tsinta da suya da niƙa da ƙunshewa da sayarwa kuwa babu abin da zai hana a yi su a nan. Tirkaniya na bakin hanyar da ke fita zuwa Abuja, inda shagunan gahawa da otal-otal ke ƙaruwa. Jos tafiyar 'yan sa'o'i ce. Tashar tsandauri da aka buɗe a Kakuri a 2018 na nan kusa ga mai son fitar da kaya waje.

Hannun da za su yi aikin ma suna nan. Matar da ta iya tsince wake da riɗi, ta iya suyar gyaɗa ba ta ƙone ba, ta riga ta yi rabin karatun. Maƙeran Panteka da ke ƙera injin niƙa da gangar suyar gyaɗa za su iya ƙera gangar suyar gahawa mai aiki da gas da gadajen shanya, in aka nuna musu samfuri. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Za a ce talaka ba zai iya sayen gahawa mai maki 80 ba, kuma harshenmu ya saba da madara da sukari. Gaskiya ne. Sai dai ba duk abin da gona ta bayar ne ke kai wannan matsayi ba. Zaɓaɓɓiyar ta tafi Abuja da Legas da ƙetare, mai bi mata kuma, wadda take da tsabta amma ba ta kai makin ba, a soya ta a ƙulla a ƙananan ledoji daidai aljihun mai shayi. A Habasha kusan rabin abin da ake nomawa a gida ake shanye shi, kuma mata masu tulun gahawa na sayar da ita a bakin titi. Kasuwar cikin gida ce ke riƙe manomi a shekarar da ta waje ta juya masa baya.

Abin da muke kira a yi

Ba ma kiran gwamnati ta gina wata katafariyar masana'anta da za a yanke kyalle a buɗe, ciyawa ta cinye ta bayan shekara biyu. Aikin gwamnatin tarayya da na jihohin Taraba da Filato shi ne ba CRIN kuɗin samar da sabon dashe, da gyara hanyar da ke hawa Gembu, da mayar da malaman gona ƙauyuka.

Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta sa suya da ɗanɗano da haɗa gahawa cikin sana'o'in da take koya wa matasa, ta haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna don samar da ɗakin gwajin inganci ko guda ɗaya ne. NAFDAC ta sauƙaƙa wa ƙananan masu ƙunshe kaya rajista, domin kuɗi da zirga-zirgar neman lamba na kashe sana'a tun tana jaririya. Hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, ta wayar wa manoma kai a kan dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023, wadda za ta buƙaci shaidar cewa ba a sare daji aka shuka gahawar ba.

Masu jari da za su shigo su ma da tasu. Sana'ar da ke rayuwa da inganci ba ta jure cin zalin ma'aikaci. In aka biya mai tsinta da yawan mudun da ta gama kawai, za ta yi sauri ta bar baƙar ƙwaya a ciki. In aka biya manomi kuɗi ɗaya ko ya kawo ja ko ɗanye, zai zage bishiyar gaba ɗaya. A biya ƙarin kuɗi a kan mai kyau, a auna a gaban mai kaya, a rubuta albashin yaron shago da ranar da za a yaye shi, a ba mai suya takunkumi da ɗaki mai shan iska.

Ƙungiyoyin masu shayi na Kaduna kuwa ba sai sun jira kowa ba. Za su iya haɗa kuɗi su yi odar buhu ɗaya daga Jos, su ba mata biyar su tsince, a soya a rarraba wa teburi goma na tsawon wata guda, a ga ko masu sha za su sake nema. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma kuɗin wannan gwaji bai kai abin da teburan unguwa ɗaya ke kashewa a kan gwangwanayen waje ba.