Gasar masu fasaha a Ƙonni, Malbaza da Illela: Bayan an raba kyauta, aikin na wa ne?

A shekarar 2008 wani matashin makaɗi ɗan jihar Tahoua, Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa. Waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula har suka ƙetara Mali, galibin masu saurare ba su san mai su ba. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya bi diddigi ya gano shi, ya saka waƙarsa "Tahoultine" a wani kundi da ya fito a 2011, da sunansa a jiki.

Ba kowa ne zai yi wannan dace ba. Aikin fasaha yakan yi tafiya ya bar mai shi a gida, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin da yake fita ita ce gasa.

Jihar Tahoua ba baƙuwar gasa ba ce. Tun shekarun 1980 ake gasar kiɗan zamani ta Dan Gourmou, wadda ke ɗauke da sunan shahararren mawaƙin Adar. A fagen fim, ɗan Nijar Oumarou Ganda ne ya fara lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, kuma marigayi Moustapha Alassane ya daɗe yana aikinsa a garin Tahoua. Abin da ya sauya a yau shi ne yawan gasannin da saurinsu. Sanarwa ce za ta shigo ta WhatsApp ko Facebook: a turo hoto, ko waƙa, ko gajeren fim, wanda ya yi zarra zai samu waya ko 'yan jikuna.

Sai mai hoto a Malbaza ya tura hoton manoman albasa na Galmi, mawaƙi a Illela ya tura waƙar da ya biya kuɗin situdiyo da guminsa, 'yan wasa a Birnin Ƙonni su tura fim ɗin da suka ɗauka a bakin iyaka. Mutum uku za su ci kyauta. Sauran ayyukan kuma suna hannun masu shirya gasar. In babu rubutaccen sharaɗi, gobe hoton zai iya bayyana a kalanda, waƙar ta koma ta talla, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Doka dai tana nan. Nijar na cikin yarjejeniyar Berne, wadda ta ce haƙƙin mai fasaha yana tabbata da zarar ya ƙirƙiri aikinsa, ko bai yi rajista ba. Ƙasar na da dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2010, tana da ofishin BNDA mai kula da wannan haƙƙi, tana kuma cikin ƙungiyar OAPI. Matsalar ita ce dokar da Faransanci take, babban ofishin yana Yamai, matashin kuma yana Ƙonni da wayarsa.

Don haka nauyin farko yana wuyan masu shirya gasa. Ya kamata kowace gasa ta fito da sharuɗɗanta da Hausa, a rubuce da kuma a saƙon murya saboda waɗanda ba su yi boko ba. Sharuɗɗan su fayyace cewa aiki na mai shi ne, su faɗi inda za a nuna shi da tsawon lokacin, su tabbatar sunansa zai bi shi ko'ina. Duk wani amfani na kasuwanci kuma sai da sabuwar yarjejeniya da sabon biya. Aikin wanda bai ci ba, a bar masa abinsa.

Wasu za su ce wannan zai kashe gwiwar masu ɗaukar nauyi, tunda su ma suna son cin moriyar kuɗinsu. Suna da hujja, amma faɗin gaskiya tun farko bai hana gasa ci gaba ba. Gasar hotuna ta Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014, tana sanar da kowa cewa hotonsa zai zama wanda duniya za ta iya amfani da shi, har a kasuwanci, muddin an ambaci sunansa. Mai so ya shiga da saninsa, wanda bai so ya riƙe abinsa.

Su ma masu shiga gasa su yi hattara: su adana ainihin hoton ko muryar farko, su ɗauki hoton sanarwar da sharuɗɗanta, su daidaita da makaɗa da 'yan wasan da suka yi aiki tare kafin a tura. 'Yan ci-rani da ke aiko da kuɗin kyauta daga Abijan ko Legas su nemi ganin sharuɗɗan kafin su saki ko dala. BNDA kuwa, lokaci ya yi da za ta riƙa sauka gidajen matasa da gidajen rediyon waɗannan gundumomi uku tana bayani da harshen da jama'a ke ji, kafin a buɗe gasa ta gaba.